Shekara 12 ina aikin jinya, yanzu kuma ina so in canza layi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni nas ce, shekarata 36, shekara 12 kenan ina aikin asibiti kuma wallahi na gaji, ba wai na daina tausayin marasa lafiya bane, aikin dare da tsayuwa ne suka cinye ni. Hankalina ya karkata ga aikin kwamfuta, irin na nazarin bayanai. Abin da ke hana ni barci shi ne kowa Nas yake ce min, har na manta rabon da a kira ni da sunana, to in na bari ni wacece? Kuma anya ban makara ba? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Maganar makara dai ki cire ta a ranki. Angela Merkel masaniyar kimiyya ce tana aikin bincike a Berlin ta Gabas, sai a ƙarshen 1989 ta shiga siyasa tana da shekara 35, ta zo ta shugabanci gwamnatin Jamus daga 2005 har 2021.

Ɗayar tambayar ce ta fi taɓa ni gaskiya. Sunan aiki in ya daɗe a jikin mutum sai ya zama kamar fata, ranar da za a cire shi dole a ji zafi, kuma za ki ji kewa ko da ke kika zaɓi tafiyar, wannan ba alamar kin yi kuskure bane. Amma ki duba, layin da kike so ai ba baƙo bane a gidanku. Florence Nightingale da ake kira uwar aikin jinya na zamani, da alƙaluma ta nuna wa hukumomin Ingila cewa a yaƙin Kirimiya cuta ta fi raunukan yaƙi kashe sojoji, a 1858 kuma ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta ƙasar. Ke da kika shekara 12 kina cike fayil kina lura da awon jini da zafin jiki, kin san abin da lambobin nan ke nufi a jikin ɗan adam, wanda ya karanci kwamfuta zalla sai ya sha wuya kafin ya kamo ki a nan.

Don haka ni a ganina ki nufi nazarin bayanan lafiya, kuma don Allah kar ki ajiye aiki tukuna, kar a yi sakin reshe kama ganye. Ki fara da koyon Excel (manhajar lissafi da tsara bayanai) sannan SQL (yaren kwamfuta da ake zaƙulo bayanai da shi daga rumbun adana su) a ranakun hutunki, ki je sashen adana bayanai na asibitinku ki roƙa su ba ki ɗan abin da za ki taya su ko na awa biyu ne a sati, a nan za ki gane ko aikin kike so ko kuwa gudun aikin dare ne kawai, domin in gudun ne akwai sassan jinya da ba a kwana.

In ya kwanta miki, ki tara kuɗin da zai riƙe ki kamar wata 6, lasisinki kuma ki ci gaba da sabunta shi. Ki shirya ma albashi zai iya raguwa da farko, kuma wataƙila wadda kika girma da shekara 10 ce za ta riƙa gyara miki aiki. Bayan wata uku ki sake rubuto min, ina so in ji yadda kika ji zaman gaban kwamfutar.