Amsa: WWE 2K24 a kan PS4, in saya ko in bari?

Ƙanena, ka tambaya ko kuɗinka za su yi amfani in ka sayi WWE 2K24, wasan bidiyo na kokowar Amurka, don PS4 ɗinka. Ni dai na ce ka saya.

Wata biyar ke nan muna buga shi nan Yamai, mu huɗu a ɗaki, kowa da manet ɗinsa, wato abin sarrafa wasa na hannu. Daɗinsa yana wajen mayar da hari: abokin karawa ya ɗaga ka zai kayar, ka latsa daidai lokacin, sai ka juye shi ƙasa. Mu da muka taso da kallon kokowar takobi mun san daɗin wannan. Ni har ɗan kokowa na ƙera da kaina, na sa masa suna Ɗan Tawa, ya kara da Cody Rhodes, shahararren ɗan kokowar WWE. Wanda ya sha wahalar kurakuran WWE 2K20, wanda ya fito a 2019, zai ga gyara sosai.

Amma fa a PS4 yana jan jiki kafin wasa ya buɗe, kuma sabuntawarsa na cinye intanet. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne MyFaction, sashen wasan da ake tara katunan 'yan kokowa: kullum turo ka yake ka sayi katuna da kuɗin gaske. Kar ka zuba ko dala a can.