Sarauniya Amina ko Gambo Sawaba a kan Naira?

Malam, ka tambaya wa ya kamata a sa in za a sake fasalin kuɗi, ka kawo Sarauniya Amina. Ni Bazazzage ne, amma Hajiya Gambo Sawaba zan zaɓa. Amina ba mu da hotonta, sai zanen da masu zane suka ƙirƙira. Gambo kuwa akwai dattawa a Sabon Garin Zariya da suka gan ta ido da ido, sun san ɗaurin da ta sha saboda gwagwarmayarta a jam'iyyar siyasa ta NEPU.

An ma kusa. A 2012, lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan Babban Banki, an shirya takardar N5,000 da hoton Gambo tare da na 'yan gwagwarmaya Margaret Ekpo da Funmilayo Ransome-Kuti, jama'a suka yi ca, aka jingine. Canjin 2022 kuwa launi kawai ya taɓa, fuskokin suna nan. Har yau mace ɗaya ake gani da sunanta, Ladi Kwali mai ginin tukwane, ita ma a bayan N20.