Shafa siminti a tsohon ginin ƙasa na tarihi

Kana tambaya ko ku shafe tsohon ginin ƙasa na garinku da siminti don ya burge masu zuwa kallo. Don Allah kada ku yi. Ku yaɓe shi da irin ƙasar da aka gina shi da ita, a kwaɓa da ciyawa, a bari ta tsumu.

Siminti ba ya barin bango ya fitar da danshi. Da ya tsage, ruwa ke shigewa ta bayansa ya narkar da ƙasar ciki, ka ƙwanƙwasa ka ji wayam. Kafin yaɓe ma, ku fara gyara rufi da indararo, ku haƙa magudanar da za ta janye ruwa daga gindin bango, domin ta nan yake fara cinyewa. Ku bari sai bayan girbi, bango ya bushe sarai.