Kwana Uku a Alƙahira da Ɗan Guzuri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Zariya, kuma a watan gobe zan raka mahaifiyata Alƙahira ganin likitan ido. An shaida mana cewa tsakanin gwaji da ranar komawa wurin likita za mu sami kwana uku babu abin yi. Kuɗin asibiti da na jirgi sun cinye kusan duk abin da muka tara, amma ba na so mu dawo ba mu ga komai ba, kuma ba mu riƙo wa kowa tsaraba ba. Ina za mu ci abinci, ina za mu yi sayayya, kuma me za mu iya gani da ɗan abin da ya rage?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a, ke kuma ya saka miki da alheri. Ki kwantar da hankalinki, domin mafi yawan abin da ya cancanci gani a Alƙahira yana cikin tsohon gari ne, inda ake zagayawa da ƙafa, kuma abin da ke cinye kuɗin baƙo shi ne bin hanyar da aka shimfiɗa wa masu yawon buɗe ido.

Ranar farko ku ba tsohon gari ita. Ku fara da masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa a shekarar 970, kuma ba a biyan kuɗin shiga, sai ɗan ihsanin da ake ba mai ajiye takalma. Ina so Mama ta zauna a farfajiyarsa ta farin marmara ta huta, ki kuma gaya mata cewa a cikin wannan masallaci an taɓa keɓe wa ɗaliban Barno sashensu na musamman, kuma har yau yaranmu suna karatu a jami'ar. Idan kin ji Hausa a bayanki kada ki yi mamaki. Ki yi sallama, domin ɗalibi ɗaya da ya san gari ya fi ɗan jagoran haya amfani. Tsallaken titi akwai masallacin Husaini, daga nan kuma titin Mu'izz yake, wanda ya miƙe daga ƙofar Futuh zuwa ƙofar Zuwaila, tafiyar kimanin kilomita ɗaya tsakanin masallatai da makarantu na zamanin daulolin Faɗimawa da Mamluk da suka mulki Masar a da. Bin titin kyauta ne, wasu gine-ginen ne kawai ake yanka musu tikiti. Ku bari sai bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi, saboda ƙura da hasken rana ba su dace da idon da ake jinya ba.

Kasuwar Khan Khalili tana jikin masallacin Husaini, kuma nan ne kowa zai ce ku je. Ku je ku ba ido abinci, amma kada ku buɗe jaka, domin farashinta na baƙi ne. Masarawa kansu a Muski da Ataba suke sayen abaya, jallabiya, mayafi da takalma, kuma titin Muski daga gefen Khan ɗin ya fara. Zannuwan gado da tawul na audugar Masar, waɗanda a ganina sun fi kowace tsaraba daraja a gidan Bahaushe, ki neme su a Wikalat al-Balah da ke unguwar Bulak. Littattafan addini kuwa, shagunan da ke bayan Azhar ne gidansu. Ciniki irin na Kurmi ake yi: a yi miki suna, ki taya ƙasa sosai, idan an ce albarka ki yi godiya ki juya, sau da yawa kafin ki yi taku biyar za a kira ki. Na taɓa zama a wani shagon turare aka kawo mini shayi, aka yi ta shafa mini turare a bayan hannu, har kunya ta sa na sayi kwalbar da ban yi niyya ba. Idan ba saye za ki yi ba, ki ce "la, shukran", wato "a'a, na gode", tun daga bakin ƙofa.

Abinci ba zai ba ku wahala ba. Da safe akwai ful, wato dafaffen wake da mai, da ta'amiyya, wadda ƙanwar ƙosai ce sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa da waken, ana cusa su a cikin gurasar da suke kira aish baladi. Da rana ki nemi shagon kushari. Za ki ji shi tun kafin ki gan shi, domin mai zubawa yana buga ludayi a bakin tukunya yana ɗibar shinkafa, da taliya, da ɗan ƙaramin waken adas, ya kwarara miyar tumatir, ya barbaɗa soyayyar albasa. Kwano ɗaya yana riƙe mutum har dare. Ki bi da ruwan rake da ake matsewa a gabanki, in dai Mama ba ta da ciwon sukari. Manyan gidajen abinci na bakin Nilu suna ɗora harajin kashi 14 cikin ɗari da kuɗin hidima a kan farashin da aka rubuta, don haka ku bar su. Ruwan sha kuwa ku sayi na roba.

Wurin da na yarda ku kashe kuɗi shi ne dalar Giza, domin babbar cikinsu ta haura shekara 4,500, kuma duk wanda ya san dalar gyaɗar Kano ta da ya kamata ya ga wadda aka gina da dutse. Ku yi sammako a rana ta biyu. Tikitin baƙi ya fi na 'yan ƙasa tsada, kuma a wurare da yawa yanzu da katin banki ake biya, saboda haka ki tabbatar kina da katin da ke aiki a ƙasar waje. Kada ku sayi tikitin shiga cikin dalar, domin hanya ce ƙunƙuntacciya da ake bi a duƙe, ba ta dace da dattijuwa ba. Duk wanda ya ce ki hau raƙumi ko ki riƙe wani abu kyauta, kuɗi zai nema daga baya.

Zirga-zirga mafi araha ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1987, kuma yana da taragun mata zalla a tsakiya. Tashar Ataba tana kai ku kasuwa, tashar Mar Girgis kuma tana kusa da masallacin Amr bin As, masallaci na farko da aka gina a Masar, wanda ya isa ziyarar rana ta uku. Sai dai matakala da cunkoso suna da yawa, don haka idan Mama ta gaji ki kira mota ta Uber, inda za ki ga kuɗin tun kafin ku shiga. Ki canza kuɗi a banki ko shagon canji mai lasisi, kaɗan-kaɗan, kuma kullum ki roƙi a ba ki ƙananan takardun fam, domin mai shago da mai tasi ba safai suke cewa suna da canji ba.