Yakushin kyanwa ga mai raunin garkuwar jiki

Malama, kin tambaya game da ƙaninki da ke Gombe, mai ɗauke da cutar ƙanjamau, wanda ɗan kyanwa ya yakusa, sannan zazzaɓi ya ƙi sauka, wasu jajayen ƙuraje masu saurin zubar da jini suka feso masa. Allah ya ba shi lafiya.

Abin da ya kamata a fara zargi shi ne ƙwayar cuta mai suna Bartonella henselae, wadda ƙuma ke yaɗawa tsakanin kyanwoyi, kuma ta fi tsananta idan ƙwayoyin garkuwa na CD4 suka gaza 100 a gwajin jini. Ƙurajenta suna kama da sankarar Kaposi (wata sankarar fata da kan kama masu ƙanjamau) ƙwarai, don haka ido kaɗai ba ya rarrabe su. Gwajin jini mai neman sinadaran garkuwa yana iya nuna babu komai alhali cutar na nan, domin jikin bai iya samar da su yadda ya kamata ba. Renon ƙwayar a ɗakin gwaji kuwa yakan ɗauki makonni. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a yanki ɗan naman ƙurjin a duba, a haɗa da gwajin PCR (mai gano ƙwayar cuta ta sinadaran halittarta) idan ya samu.

Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya, kuma don Allah ki gaya wa likita batun kyanwar tun kafin ya tambaya.