Gane nau'in ƙarin maƙoƙo ana tsakiyar tiyata: yaya ingancinsa yake?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifiyata tana da maƙoƙo a gefe ɗaya na wuyanta. An zuƙo shi da allura an kai gwaji, amma ba a tabbatar ko daji ne ko ba daji ba. Likitan tiyata ya ce zai ciro rabin da ya kumbura, a duba shi tun tana kan gadon aiki, daga nan ya san ko zai cire sauran. Kuma ya ce duk da haka wataƙila a sake komawa tiyata. Anya gwajin 'yan mintoci zai iya gane ciwon?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya. Likitanku bai kauce hanya ba. Gwajin tsohon abu ne, tun 1905 Dakta Louis Wilson na asibitin Mayo a Amurka ya fito da shi. Da an ciro naman sai a garzaya da shi wurin likitan tantance nama, ya yanki ɗan ƙanƙani ya daskarar a injin da sanyinsa ya kai kusan digiri 20 ƙasa da sifili, ya fere shi sirara, ya sa masa rini, ya duba a madubin likita. Cikin minti ashirin ko makamancin haka ya kira ɗakin tiyata, majiyyaciya tana barci.

Sai dai gwajin yana da iyaka. Dajin tayirod (halittar gaban wuya da kumburinta ake kira maƙoƙo) da ya fi yawa shi ne nau'in da ake kira papilari, kusan kashi 80 cikin 100, kuma shi allura ma takan kama shi tun kafin aiki. Matsalar tana ga sauran. Ɗauki nau'in folikula, wanda ya fi bayyana a yankunan da aidin ya yi ƙaranci a abinci, ƙarancin da ya sa Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993. Ƙwayoyinsa da na ƙarin da ba daji ba kamarsu ɗaya. Abin da ke raba su kawai shi ne ko ƙarin ya huda tantanin da ya kewaye shi, ko ya kutsa cikin jijiyar jini. Kafin a ga haka sai an bi tantanin nan kaf, yanki bayan yanki, aikin kwanaki. Mai duba yanki ɗaya ko biyu cikin gaggawa zai iya tsallake ramin. Shi ya sa sau da yawa amsar da ke dawowa ita ce a jira cikakken sakamako. Ga shi kuma daskarewar da kanta tana jirkita kamannin ƙwayoyin, har lafiyayye ya yi kama da papilari.

Inda gwajin ke cin kuɗinsa shi ne idan likita ya buɗe wuya ya ga abin da bai zata ba: ƙari mai tauri manne da tsoka, ko kaluluwa ta kumbura a gefe. In aka ce limfoma ce, wato dajin ƙwayoyin garkuwar jiki, wadda kan taso a tayirod mai cutar Hashimoto (inda garkuwar jiki ke yaƙar tayirod), sai ya ɗauki abin gwaji ya rufe, domin maganinta allurar daji ce da gashin na'ura, ba wuƙa ba. In medulari ne kuwa, wato wani nau'in dajin tayirod, cire tayirod ɗin gaba ɗaya ake yi, haɗe da kaluluwar tsakiyar wuya, saboda shi ba ya shan aidin mai tururi, wato na musamman mai ƙona ƙwayoyin tayirod, da ake ƙarasa papilari da folikula da shi. Abin da wuƙa ta bari, ya zauna.

A ganina medulari bai kamata a fara jin sunansa a ɗakin tiyata ba. Yana fitar da sinadarin kalsitonin, gwajin jini na nuna shi. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu shi gado suka yi, ta ƙwayar halittar RET, wasunsu kuma suna da wani ƙari a saman ƙoda mai haukata hawan jini da zarar an sa su barci. Wannan tilas a nemo shi kafin a taɓa wuya.

Kada ku ɗauki tiyata ta biyu a matsayin gazawa. Cire duka yana nufin shan ƙwayar tayiroksin, mai maye gurbin sinadarin da tayirod ke fitarwa, har ƙarshen rayuwa, ga haɗarin taɓa jijiyar murya a ɓangarorin biyu, ga ƙananan halittu huɗu da ke bayan tayirod masu riƙe da kalshiyam, waɗanda in suka ji rauni a riƙa jin kamar ana tsira allura a yatsu da leɓe. Likitan da ya tsaya a rabi don bai tabbata ba, ya yi daidai. Ragowar ana iya dawowa a cire, wanda aka cire ba ya komawa.

Kafin ku sa hannu a takarda, ku tambaye shi ko asibitin na da injin da mai dubawa a ranar, domin ba ko'ina ake da su ba, da kuma sakamakon da zai sa ya cire duka. Ku nemi a auna kalsitonin, musamman in a dangi an taɓa samun dajin maƙoƙo ko hawan jini mai tsanani tun da ƙuruciya. In ya tabbata medulari ne kuma na gado, ku 'ya'yanta ma kuna buƙatar gwaji.