Tama ba ta narkewa kamar dalma

Ɗana, jiya muna saran sifirin mota ka tambaye ni inda maƙeran zamanin da suke samun ƙarfe kafin zuwan mota, kuma wai da gaske dutse suke narkawa. Hannuna na kan masaba, ban tanka maka ba. To, saurara.

Daga tama suke fitar da shi, jan dutsen nan mai nauyi a hannu. Amma a tanderunsu ƙarfe ba ya zama ruwa kamar dalma. Ana jera tama da gawayi hawa-hawa, na ƙirya in an samu, a kunna wuta, iska na shiga ta bututun laka a gindi. Gawayin ba zafi kaɗai yake bayarwa ba, iskar da yake fitarwa ce ke raba ƙarfe da abin da ya ɗaure shi a cikin dutse. Dattin ne ke narkewa ya tsiyaye ƙasa. Ƙarfen kuwa dunƙulewa yake yi kamar soso, da ɓurɓushin gawayi maƙale a jikinsa. Sai an mayar da shi wuta an yi ta dukansa a kan uwar maƙera, dattin na fallatsa, kafin ya isa a ƙera fartanya da shi.

A Taruga, kusa da Abuja, Bernard Fagg ya tono irin waɗannan tanderu a shekarun 1960, sun haura shekara 2,000. A wurin an sami mutum-mutumin yumɓu na mutanen Nok, ƙauyen kudancin Kaduna inda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928.

In Allah ya kai ka gidan tarihi na Jos, tsaya ka ƙare wa kan mutum-mutumi guda ɗaya kallo. Ƙwayar ido a huje, hanci a huje, ciki kuma fanko ne. Yumɓu mai kauri in ya riƙe danshi, fashewa yake a wuta, ta waɗannan kafofi tururi ke fita. Ni a ganina wanda ya san wannan bai yi nisa da mai gina tanderu ba, don in laka ta tsage iska ta kuɓuce, tamar ta tashi a banza.

Gobe kai za ka gina sabon bututun zuga-zuginmu. Ka cuɗa lakar da yashi kaɗan, ka bar shi a inuwa ya bushe sarai. Kada ka kai shi kusa da wuta sai na duba.